Jan Ƙyalle a Farfela

Mai Walda ya kwantar da tukunyar iskar waldarsa a ƙasa yana tura ta da ƙafa, tana mirginawa cikin taɓo, shi kuwa sai tsaki yake ja. Daga shagonsa zuwa ƙofar gidan Baba Dizal ba wata tafiya ba ce, katanga ɗaya suka haɗa, amma ruwan da aka yi kwanaki ana tafkawa ya mai da layin kamar kwata. Mata sun leƙo ta ƙofofi suna kallo. Babu wadda ta yi masa sannu, don kowa a layin ya san in Mai Walda ya ɗaure fuska haka, sannu ma laifi ce.

Malama, matar Baba Dizal, ita ta riƙe masa ƙyaure. Tsohuwar malamar firamare ce, rabin magidantan layin ta taɓa ja musu kunne, amma yau muryarta da ƙyar take fita.

"Bi a hankali da dakalin nan," ta ce, "kada ta faɗi."

"Ni za ki koya wa bin tukunya a hankali, Malama?"

Ta tuna da abin da tukunya ta taɓa jawo masa, ta matsa gefe. Shi ma bai ji daɗin abin da ya faɗa ba, amma bai janye ba. Ya rungumi tukunyar ya tsallake dakalin da ita.

An jawo gadon Baba Dizal falo, kusa da taga, don ya samu iska. Falon nan Mai Walda ya san shi kamar nasa, ko da yake ya yi shekaru bai wuce bakin ƙofarsa ba. Komai na nan yadda ya sani: kwalaben notuna a jere kan kanta, kowace da girman nata, hoton ƙaramin farin jirgi a bango, da tsohon fistan na inji da ake tokare ƙofa da shi. Mutumin ne kawai ya canza. Ƙaton da yake ɗaga batir da hannu ɗaya ya koma yana jan numfashi da baki, leɓɓansa sun yi duhu, zufa ta jiƙa matashin kai.

Likitar garin, wata matashiya da idanunta suka yi ja don rashin barci, ta durƙusa ta haɗa robar hanci da bakin tukunyar da guntun tiyo da filasta. Mai Walda ya murɗa mata kai a hankali har iskar ta fara huci.

"Ba irin tamu ta asibiti ba ce," ta ce, "amma ta fi babu. Tamu ta ƙare, motar da za ta kawo wata tana can bayan gada." Ta juya wajen Malama ta rage murya. "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe. Iskar nan sauƙi kawai za ta ba shi. Inda za a buɗe jijiyar sai babban asibiti, can birni, kuma ba abin jira ba ne."

"Ai ruwa ya tafi da gadar."

"Na sani, Mama. Na yi waya birni, sun ce jiragensu duk suna wajen ambaliya, ana dubawa. Saura namu na nan."

Kowa ya dubi gadon. Baba Dizal ya lumshe ido kamar maganar wani ake yi.

Jirgin ba sai an ce wanne ba, guda ɗaya ne tal a garin. Ƙarami ne, mai kujera huɗu, na wani kamfanin noma da ke bayan gari. Shi ke kawo magani, shi ke kai ma'aikata, kuma in ciwo ya fi ƙarfin asibitin garin shi ke ɗaukar mara lafiya ya tsallake tsaunuka da kogi ya dire shi birni kafin shayi ya gama hucewa a fulas. Baba Dizal shi ne injiniyansa tun zuwansa. Da can injin fetur ne a jiki, fetur na musamman mai tsadar tsiya, wanda sai an yi wata ana jira a kawo shi cikin duro, wani lokacin ma da ruwa a ciki. Shi ya matsa wa kamfanin lamba har suka sa injin dizal, wanda ke shan kananzir ɗin jirage da ake samu ko'ina, kuma ba ya shan rabin na wancan. Garin ya yi masa dariya son ransa. Wai zai ɗaura injin tirela a sama. Daga nan sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani ba. Aka yi shekaru, injin bai taɓa ko atishawa ba, masu dariyar suka koma hawa.

Sai dai injin yana da wata doka da masu ƙera shi suka sa masa. Awannin tashinsa a ƙirge suke. In sun cika ba a buɗe shi, ba a yi masa faci, cire shi ake ɗungurungum a sa sabo, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Mutanen garin, waɗanda ke tuƙa mota har sai ƙofarta ta faɗi su ɗaure da igiya, sun ɗauki wannan almubazzarancin Turawa. Baba Dizal bai ɗauka haka ba.

"Injin fetur mai ƙorafi ne," yakan ce. "Kafin ya mutu sai ya yi tari, ya yi rawar jiki, ya sanar da kowa. Wannan ba ya ƙorafi. Zai yi ta yi maka waƙa mai daɗi har zuwa lokacin da zai yi shiru, kuma a sama babu gefen titi da za ka faka. Shi ya sa ba na tambayar kunnena. Awanni nake tambaya."

Ya kuma kafa wata al'ada tasa a rumfar jirgin. Ranar da awannin suka cika, sai ya ɗauko jan ƙyalle ya ɗaure a farfela, fankar da ke hancin jirgin. Wanda ya ɗaure shi kaɗai ke kwancewa. Ko manajan kamfanin bai isa ya taɓa ba.

Mai Walda ya san jan ƙyallen nan fiye da kowa a garin. Yana da ƙane, Auta, wanda ya raina tun mutuwar iyayensu, ya koya masa walda, ya yi masa aure, ya raba shago da shi. Wata safiya tukunyar kabaid, ta gas ɗin walda, ta fashe a gaban Auta. Mai Walda ya bar shi hannun likitan wancan lokacin ya ruga filin jirgi da gudu, babu ko takalmi, sai ya tarar da jan ƙyalle a farfela. Injin dizal na farko ne a lokacin, awanninsa sun cika, ana jiran sabo. Ya durƙusa a kan siminti gaban mutumin da yake kira Yaya.

"Jiya-jiya fa ya dawo daga birni lafiya lau, Yaya."

"Jiya awanninsa ba su cika ba," in ji Baba Dizal.

A mota aka ɗauki Auta. Ya cika a hanya, kansa a kan cinyar yayansa, ba su daɗe da wuce gada ba. Baba Dizal ya zo gaisuwa, ya zauna tun safe har aka watse, bai ce a yi haƙuri da shi ba, bai kuma ce ya yi daidai ba. Tun daga ranar Mai Walda ya daina ce masa Yaya, ya koma Injiniya. Ana gaisawa ta kan katanga, ana tambayar iyali. Aron sifana da shan shayin la'asar ne suka mutu tare da Auta.

To, ga shi yanzu. Kafin a fara ruwan nan Baba Dizal da hannunsa ya ɗaure jan ƙyalle a injin na biyu. Sabon yana cikin akwatin katako a bayan wata babbar mota, ita ma tana can bayan gada tare da iskar asibiti.

Da hantsi Dogo ya zo, tare da Kyaftin. Dogo shi ne mataimakin Baba Dizal, a hannunsa ya koyi komai har ya yi furfura a gemu, amma har yau in zai shiga falon sai ya cire hula. Kyaftin kuwa matuƙin jirgin ne, gajeren mutum mai son raha, yau babu rahar. Suka tsaya bakin gado kamar masu laifi.

"Baba," in ji Dogo, "na duba mai, na duba ruwa, na duba matatar mai. Ko ƙwayar ƙarfe babu a ciki. Tas take. Ka ce in kwance."

Baba Dizal ya buɗe ido. "Awannin fa?"

"Sun cika, Baba. Amma tafiya ɗaya ce."

"Oga," Kyaftin ya ce, "ni na yarda. Babu wanda ya san injin nan kamarka. Ka ɗaga mini yatsa kawai, yanzu za ka ji mu a sama."

Mai Walda yana tsaye jikin tukunyarsa yana kallon bakin mara lafiyar. Sai ya kama kansa yana so bakin nan ya ce a kwance, yana so ƙwarai. Ya kuma san son kashi biyu ne. Kashi ɗaya yana so maƙwabcinsa ya rayu. Ɗayan kuwa mugu ne, ya daɗe a zaune yana jira ya ga ranar da dokar nan za ta lanƙwasa don mai ita, don ya samu bakin cewa: ashe ana iyawa. Bai san wanne ya fi ƙarfi ba, kuma bai so ya bincika.

Baba Dizal ya ja iska sau biyu. "Dogo. Wa ya ɗaure?"

"Kai ne, Baba."

"To ka bar shi."

Dogo ya matse hular a hannunsa. Kyaftin ya dubi silin. Suka fita, Mai Walda yana jin Dogo a zaure yana face hanci.

Rana ta yi ta tafiya. Maƙwabta suna shigowa su yi sannu su fita. 'Yarsu da ke aure a birni sai kira take, tana cewa ta je asibitin, sun ce a kawo shi kawai, gado na nan a shirye. Malama tana amsawa da to, to, ta ajiye wayar a kife. Mai Walda bai koma shago ba. Ya jawo kujerar roba ya zauna gefen tukunyar yana kallon allurar agogonta, wadda ke sauka a hankali, ba ta hanzari, ba ta kuma tsayawa.

Da allurar ta wuce rabi ya miƙe. Ya hau babur ya nufi filin jirgi, taɓo yana fantsamo masa har ƙeya.

Rumfar tana buɗe. Jirgin na tsaye a ciki fari tas, an goge shi, jan ƙyallen yana lilo a farfela. Dogo na zaune kan duro ya dafe kai. Mai Walda ya wuce shi, ya kai hannu. Ƙullin ya yi tauri, irin ƙullin mutumin da bai taɓa yin abu rabi-rabi ba, sai da ya sa haƙori.

"Mai Walda, me kake yi haka?"

"Abin da ka kasa. Tura shi waje ka tayar mini in ji."

"Ba a taɓa..."

"Ba tashi na ce ka yi ba. Tayarwa na ce. Ko ita ma haramun ce?"

Suka tura jirgin waje. Dogo ya shiga, ya taɓa abin da zai taɓa. Farfelar ta juya sau ɗaya, injin ya kama. Babu tari, babu hayaƙi, babu gargada. Wani irin sauti ne mai kauri, a daidaice, ciyawar bayan jirgin ta kwanta, ruwan da ya taru a kan siminti ya yi ta gudu. Mai Walda ya yi rayuwarsa cikin injuna, ya san muryar mai lafiya. Ya tsaya yana saurare har idonsa ya kawo ruwa, don bai taɓa jin abin da ya ba shi haushi kamar daɗin muryar injin nan ba.

Ya dawo ya tarar Malama tana shafa wa mijinta ruwa a goshi. Ya jefa ƙyallen a kan zanen gado.

"Na kwance," ya ce. "Na sa Dogo ya tayar, na ji da kunnena. Ko agogo bai fi shi tafiya daidai ba. Tashi a kai ka."

Baba Dizal ya daɗe yana kallon ƙyallen. "Ƙyalle ka kwance, Mai Walda. Awannin suna nan."

"In don ni ne, na yafe. Ka ji ko? Ga Malama shaida. Ba zan taɓa ɗaga maganar Auta ba, ko a gabanka ko a bayanka."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Injin nan, zai kai ko ba zai kai ba?"

"Zai kai," in ji Baba Dizal. Ya huta. "Kusan tabbas zai kai."

"Wancan na ranar Auta fa?"

 Hannun Malama ya tsaya cak a kan goshin mijinta.

"Shi ma," ya ce.

Shekara da shekaru Mai Walda yana jiran kalmar nan. Ya ɗauka ranar da ya ji ta zai sauke wani kaya. Da ta zo sai kawai ya zauna a kujerar da ya ce ba zai zauna ba. Hannunsa yana kan tukunyar, daidai wurin murɗawa, ya ga hannun, ya janye shi ya sa tsakanin gwiwoyinsa.

"Kusan ɗin nan ne ba na ɗora mutane a kai," Baba Dizal ya ci gaba, yana yanka maganar gunduwa-gunduwa don numfashi. "Kyaftin yana da 'ya'ya ƙanana. Likita za ta shiga. Wannan ma," ya nuna Malama da ido, "ba za ta yarda a bar ta a ƙasa ba. Daga nan har birni ruwa ne da dutse, babu inda za a sauka. Ranar Auta ma kujerun duk da mutane za su tashi. Har da kai a ciki."

"Da ka bari na zaɓa da kaina."

"Kai da kake kuka a ranar? Ko kwando aka sa wa fiffike hawa za ka yi."

Malama ta ajiye tsumman ruwan a kwano. Ta ɗauki jan ƙyallen ta juya shi, ta duba gefensa inda aka yi masa kalmasa da zare fari.

"Labulen ɗakina ne," ta ce. "Na farko da na saya da albashina. Ka ce ya tsufa, ka ce a ba ka za ka yi amfani da shi a wurin aiki. Ashe wannan ne amfanin." Muryarta ba ta tashi ba, ta dai yi kaifi, irin wadda ke sa aji ya yi tsit. "An tambayi awanni, an tambayi ƙyalle, an tuna 'ya'yan Kyaftin. Ni fa, Malam? Ni ba za a tambaye ni ba? Tun ina yarinya nake wanke maka kaya masu warin kananzir. Abinci ya huce sau nawa ina jiran ka gama da injin? Ban taɓa kishi da shi ba. Yau abu ɗaya na roƙa."

"Ki yi haƙuri, Malama."

"Ba zan yi ba. Wallahi wannan karon ba zan yi ba."

Ta faɗa, ta kuma ɗauki tsumman ta matse ta ci gaba da shafa masa goshi.

Baba Dizal ya juyo da ido wajen maƙwabcinsa. "Mayar da shi inda ka ɗauko."

Mai Walda ya ɗauki ƙyallen ya cusa a aljihu, bai mayar ba. Ba a ma buƙaci ya mayar ba. Kafin rana ta faɗi Dogo ya tura jirgin cikin rumfa ya ɗauko wani ya ɗaure, don akwai ragowar labulen tuli a cikin akwatin kayan aiki.

Washegari da safe ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes, sama ta yi wankakkiya irin wadda Kyaftin ke cewa ko makaho zai tuƙa. Baba Dizal ya sha ruwa cokali biyu, ya tambaya ko an rufe ƙofar rumfa, aka ce an rufe. Bai yi nishi ba, bai yi ƙorafi ba, tun farkon ciwon ma bai ce wash ba. Malama tana gyara masa matashi, Mai Walda yana kallon allura, sai kawai numfashin da ya fita bai dawo ba. Likita ta zo ta duba, ta sunkuyar da kai. Iskar tana ta huci a robar hancin, don allurar ba ta kai ƙasa ba, da saura. Aka daɗe babu wanda ya tuna da ita. Mai Walda ne ya miƙe ya murɗe kan tukunyar.

Shi ya shiga gaba wajen ɗaukarsa, shi ya tsaya karɓar gaisuwa a ƙofar gida tunda babu ɗa namiji. Masu gaisuwa suna cewa mutumin kirki ne, mai riƙon amana, ba a samun irinsa. Wasu in sun matsa gefe sai su ce taurin kai ne ya kashe shi. Mai Walda yana jin duka biyun, yana amsawa da amin.

Ba a gama zaman makoki ba aka yi wa gadar kwaskwarima. Babbar motar ta shigo gari da akwatin katakon, ta bi ta bakin layin tana hon, yara na binta. Dogo ya sa sabon injin, jirgin ya ci gaba da tashi.

Tsohon injin kuwa, kamfanin ya ce kuɗin mayar da shi wurin masu ƙera shi ya fi ƙimarsa, sai suka bayar kyauta ga unguwa, tunda ambaliya ta kashe injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Wa zai ƙera masa mazauni in ba Mai Walda ba? Ya so ya ƙi, ya rasa dalilin da zai faɗa wa mutane. Ya yanka ƙarafa, ya haɗa, da ragowar iskar tukunyar nan ma ya yi aikin. Dogo ya zo ya jona batir da wayoyi da bel. Aka gina masa ɗan ɗaki na kwano a ƙarshen layi, aka sa wani tsoho gadi.

Tun daga ranar, da safe injin ke tashi sai la'asar. Muryarsa na shiga kowane gida, a daidaice, ba hawa ba sauka. Mata suna sa wa marigayi albarka, wai ko bayan ransa yana shayar da unguwa. Damina ta wuce, zafi ya zo, wata daminar ta kawo kai. Injin bai yi tari ba ko sau ɗaya. Tafiyar birni kuwa, in da tashi yake, da ya je ya dawo har an gaji da ƙirgawa.

Mai Walda yana jinsa daga shago. Ya zama yana aiki da rabin kunne, ɗaya rabin yana ƙarshen layi. Abin kunya ne ya faɗa, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, amma so yake injin nan ya mutu. Yana so wata rana ya yi shiru farat ɗaya, babu gargaɗi, yadda mai shi ya ce yana yi. Da hakan ta faru da ya samu abin da zai gaya wa kansa game da Auta, da kuma mutumin da ya mutu bai sake jin an ce masa Yaya ba. Ƙyallen yana nan a aljihun rigar aikinsa, ya yi baƙi da mai, ya kasa yarwa.

Wata rana da azahar, rana tana dukan kwanon shago, yana tsakiyar walda wata ƙofa, sai sautin ya yanke. Ba tari, ba gargada. Shiru kawai, har ana jin kukan kaji a gidan can.

Ya ajiye abin waldar ya fito. Malama tana ƙofar gidanta, babu takalmi, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Tun rasuwar ba ta cika fitowa ba, ta rame, ta daina ja wa yaran layi kunne. Amma yanzu akwai wani abu a fuskarta da ya daɗe bai gani ba, kamar mai jiran sakamako.

"Ya tsaya?" ta ce.

"Ya tsaya."

"Da kansa?"

 Ya kama hanyar ƙarshen layi, yana jin takunta a bayansa kan ƙasa mai zafi.  Sai a lokacin ya gane ashe ba shi kaɗai ke kasa kunne ba duk tsawon watannin nan.

Ƙofar ɗakin kwanon a buɗe take. Tsohon mai gadin yana durƙushe da sifana a hannu, ya ɗago yana murmushi da ya gan su.

"Sannunku. Bel ne ya ɗan saki, na kashe in ɗaure. Yanzun nan ruwa zai dawo, Malama, kada ki damu." Ya goge hannu a wando, ya danna maɓalli. Injin ya kama a bugu ɗaya. Tsohon ya shafa murfinsa yana dariya. "Kin ji shi ko? Wannan ai sai ya binne mu duka."

Malama ta juya. Mai Walda ya biyo ta a baya, ya bar tazara tsakaninsu. Ƙyauren gidanta a buɗe yake yadda ta bar shi, ta nan ya hango tsakar gida. Famfon da ta bari a buɗe ya kawo, bahon wankin ya cika ya fara zuba. Ta je ta tsaya a gabansa, hannayenta a sake, kumfar ta bushe a kansu. Ruwan yana malala ta kan ƙafafunta yana bin siminti zuwa rariya, ba ta kai hannu ta rufe ba.